Manhajar Asibiti Ta Ƙi Buɗewa: Kafin Ka Kashe Fayawol, Karanta Wannan

Duk ɗalibin kwamfuta da ya taɓa yin SIWES a asibiti ya san wannan kiran: "Ɗan IT! Zo ka duba mana, abin nan ya sake tsayawa." Ni na fara jin sa ne a wani ƙaramin asibiti a yankinmu na Madobi, ranar wata Litinin cikin damina, satina na biyu da fara aiki. Benci ya cika. Mata da goyo, yara jiki ya yi rau da zazzaɓin cizon sauro, ga manoma da suka baro shinkafa a gona suna ta duban rana. Manhajar da ake buɗe katin marasa lafiya da ita kuwa ta ce ba ta san zance ba.

Ma'aikaciyar ɗakin kati ta dube ni ta ce, "Ƙanena, kashe fayawol ɗin nan kawai. Wanda ya riga ka zuwa haka yake yi." Na ce, "To, Anti." Na kashe. Shafin bai buɗe ba. Inchaji ya leƙo ya ce a ɗauko manyan littattafai a koma biro. Sai bayan kusan awa biyu idona ya kai ƙasan allon kwamfutar, na ga kwanan watan da take nunawa na shekarun baya ne. Ashe ɗan batirin da ke cikinta, mai kama da maɓallin riga, shi ne ya mutu, da aka ɗauke wuta da dare sai agogon ya koma baya. Ina gyara kwanan wata shafi ya buɗe. Abin kunyar shi ne, fayawol ɗin da na kashe sai da ya kwana huɗu a kashe kafin na tuna.

Wannan kuskuren nawa shi ya sa na ɗauki biro. Da yawanmu asibiti za mu je aikin horo, wasu ma can za su sami aiki bayan ND ko HND. Ya kamata mu san me ke hana manhaja buɗewa, mu kuma san abin da muke sayarwa duk lokacin da muka bi gajeriyar hanya.

Daga kati zuwa kwamfuta

Kowa ya san katin asibiti da folda mai lamba da ake jerawa a kanta. Kundin lafiya na kwamfuta shi ne wannan foldar dai, sai dai an mayar da ita cikin na'ura: sunan mara lafiya, cutar da aka gano, sakamakon gwaji, maganin da aka ba shi, da ranar da zai dawo. Amfaninsa a fili yake. Gara ba ta cin sa, ruwan sama ba ya jiƙa shi, kuma matar da ta yi awon ciki watanni uku da suka wuce ba sai an kwashe rabin awa ana neman foldarta ba.

A Najeriya akwai irin waɗannan manhajoji da dama. DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar ginawa, ita ce ake tura alƙaluman wata-wata na cibiyoyin lafiya a kanta, daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa Abuja. A ɓangaren kula da masu ɗauke da cutar HIV akwai NMRS da LAMISPlus, waɗanda ke riƙe bayanan mutum ɗaya-ɗaya. Ita NMRS an ɗora ta ne a kan OpenMRS, manhajar da kowa zai iya ɗauka kyauta, wadda aka fara a 2004 kuma aka fara gwada ta sosai a garin Eldoret na Kenya. Asibitoci masu zaman kansu kuma da yawa saye suke yi daga kamfanoni.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, bayanan ba a cikin kwamfutar da ke gaban ma'aikaci suke zaune ba. Suna cikin wata kwamfuta daban da ake kira saba. Wani lokaci sabar tana ɗakin da ke kusa, an haɗa ta da sauran ta waya ko ta Wi-Fi. Wani lokaci tana Kano, ko Legas, ko ma wata ƙasa. Duk sanda aka danna sunan mara lafiya, saƙo ne ke tafiya ya dawo. A kan wannan hanyar katangar tsaro take tsaye.

Get ɗin kanal

Mu da muka tashi a wannan yanki muna da misali a ƙofar gida. Ruwan da ke noman rani a Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam daga dam ɗin Tiga yake tasowa, wanda aka gina a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwan ya bi babban kanal, ya shiga rassa, daga nan ya shiga ƙananan hanyoyi har gona. A kowace mararraba akwai get. Ba don a hana manomi ruwa aka sa shi ba. An sa shi ne don ruwa ya je inda aka nufa, a lokacin da aka tsara, gwargwadon abin da gona za ta ɗauka. Wanda ya fasa gefen kanal da dare saboda gaggawa, shi ya sha, amma da safe tumatirin maƙwabcinsa ya nutse, na ƙasa da shi kuma bai sami ko ɗigo ba.

Katangar tsaro, wadda mu ɗalibai muka fi kira fayawol, get ce a kan hanyar bayanai. Kowane saƙo da zai wuce sai ta yi masa tambaya uku: daga ina kake, ina za ka, kuma ta wace ƙofa? "Daga ina" da "ina za ka" su ne adireshin IP, lambar da kowace na'ura ke ɗauka idan ta hau layi. Ƙofa kuwa lamba ce daga 0 zuwa 65535, kuma kowane irin aiki da tasa. Shafin intanet mai kulle yana bin ƙofa ta 443, wanda ba kulle ta 80. Manhajojin da ke zaune a kan Tomcat, irin su OpenMRS, sukan fito ta 8080 idan ba a canza ba. Rumbun bayanai na MySQL yana sauraro a 3306, na PostgreSQL a 5432. Katangar tana da jerin ƙa'idoji da wani mutum ya rubuta mata. Abin da ke cikin jerin ya wuce, abin da babu ta tare shi, ba ruwanta da cewa yaro na suma a benci.

Kuma ba katanga ɗaya ba ce. Akwai wadda ke cikin kwamfutar kanta, kamar ta Windows. Akwai wadda ke cikin rautar asibiti. Akwai kuma wadda ke gaban saba can inda take. Shi ya sa kashe ta farkon sau tari ba ya maganin komai, domin matsalar tana ta biyu ko ta uku, ko ma ba ta katanga ba ce sam.

Inda ruwan yake tsayawa

Na farko, ƙofa a rufe. An kawo sabuwar manhaja tana amfani da 8080, amma katangar sabar ba a gaya mata ba. A kan sabar kanta shafi yana buɗewa lafiya lau, a ɗakin magani da ɗakin gwaji kuwa shiru. Maganinsa layi ɗaya ne: a buɗe wannan ƙofar kaɗai, ga kwamfutocin cikin asibitin kaɗai. Akwai kuma wani tarko a Windows. Idan aka canza rauta, takan ɗauki sabon layin a matsayin na bainar jama'a, irin na otal ko filin jirgi, sai ta ƙara tsaurara tsaro ta rufe ƙofofin da jiya suke buɗe.

Na biyu, adireshi ya canza. Wannan shi ne ciwon wuraren da wuta ba ta zama. An ɗauke wuta, rauta ta mutu, an tayar da janareta ko an juya zuwa sola, rauta ta farfaɗo ta sake raba adireshi yadda ta ga dama. Sabar da jiya take lamba kaza yau ta koma wata lambar, sauran kwamfutoci kuma suna ta ƙwanƙwasa tsohon gida. Shi ya sa ake ba wa saba adireshi na dindindin tun ranar farko. Irin wannan na faruwa da sabar da ke nesa ma. Wasu masu kula da ita kan rubuta jerin adireshin da aka yarda su shigo. A babban asibitin birni mai layin intanet na kansa, wannan tsari ne mai kyau. A ƙauye kuwa da MiFi da layin waya ake aiki, kuma kamfanonin waya kan haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya, wanda ke iya canzawa duk lokacin da aka kashe aka kunna. Jiya kai ɗan gida ne, yau katanga ta ce ba ta san ka ba.

Na uku, agogo da takardar shaida, wato abin da ya same ni. Shafi mai kulle yana nuna wa burauza wata takardar shaida ta lantarki mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Burauza da agogon kwamfutarka take aunawa. Idan agogon ya koma baya, sai ta ga kamar takardar ba ta fara aiki ba tukuna, ta ƙi buɗewa. Wani lokaci kuma agogonka daidai yake, takardar ce ta ƙare da gaske saboda mai kula da saba bai sabunta ba. Bambance waɗannan biyun minti ɗaya ne, idan ka san ka dubi kwanan wata.

Na huɗu, VPN da raunin sabis. VPN kamar bututu ne rufaffe da aka shimfiɗa cikin buɗaɗɗen kanal, bayanai su bi ta ciki ba mai leƙawa. Amma bututun yana son layi mai ɗorewa. Inda sabis ke hawa yana sauka, musamman idan hadari ya haɗo, sai ya riƙa yankewa, ma'aikaci ya cika shafi guda ya danna ajiye, komai ya tafi. Haka lambar tabbatarwa da ake turowa ta saƙon waya: kafin ta iso lokacinta ya ƙare, an gwada sau uku, tsarin ya kulle asusun yana zaton ɓarawo ne.

Na biyar, abin da ya fi ƙarfin kowa a asibitin. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Najeriya suka sha wahala kwana da kwanaki. A watan Satumba 2021 kuma an rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. A irin wannan rana ko ka kashe katanga goma ba abin da zai buɗe.

Abin da katangar take tarewa

Wani zai ce, wa zai damu da kwamfutar wani ƙaramin asibiti a Madobi? Amsar ita ce, yawancin masu kutse ba zaɓar mutum suke yi ba. Manhajoji suke saki su yi ta zagaye intanet dare da rana suna taɓa kowace ƙofa, wadda suka samu a buɗe su faɗa.

A ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150. Aikinta garkuwa da bayanai: ta kulle duk abin da ke cikin kwamfuta ta nemi kuɗin fansa. Ta ƙofa ta 445 take shiga, ta wani rauni a Windows wanda Microsoft ta riga ta fitar da gyaransa tun watan Maris na shekarar. A Ingila ta taɓa kusan kashi ɗaya bisa uku na hukumomin asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, wasu motocin ɗaukar marasa lafiya aka juya su zuwa wasu asibitocin. Ofishin binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya da ya bi diddigin lamarin ya nuna cewa sabunta kwamfutoci da kula da katangar tsaro yadda ya kamata da sun isa su tare ta.

A watan Mayu 2021 hukumar lafiya ta ƙasar Ailan ta kashe kwamfutocinta gaba ɗaya saboda irin wannan hari, kuma asalinsa fayil ɗin Excel ne da wani ma'aikaci ya buɗe daga imel watanni biyu kafin nan. A nan Afirka, a watan Yuni 2024 aka kai wa hukumar ɗakunan gwaje-gwaje ta Afirka ta Kudu hari, sakamakon gwajin jini ya yi ta jinkiri makonni. Waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi da ƙwararru. Asibitin da bayanansa duka ke cikin kwamfuta ɗaya, ba a taɓa kwafe su a wani wuri ba, idan aka kulle shi ai sai labari.

Akwai kuma asarar da ba ta kuɗi ba. A garin da kowa ya san kowa, sakamakon gwajin HIV, ko na ciki, ko na tarin fuka, idan ya fita yana iya kashe aure, ya hana yarinya miji, ya sa mutum ya daina zuwa karɓar magani don kada a gan shi. Duk wanda ya ɗauki hoton shafin mara lafiya ya tura ta WhatsApp "don a yi sauri", ko ya sa filash ɗin da ya gama yawo a shagunan tura fina-finai cikin sabar asibiti, ko ya rubuta kalmar sirri a takarda ya manna a jikin allo, shi ma gefen kanal ya fasa.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanan rashin lafiyar mutum, da maganinsa, da zamansa a asibiti sirri ne, ta kuma ɗora wa shugaban cibiya alhakin hana wanda ba shi da izini kaiwa gare su. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kulawa ta musamman, kuma idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane, dole a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa cikin awa 72. Shiga kwamfutar wani ba izini kuwa laifi ne a Dokar Laifukan Intanet ta 2015. Kasancewarka ɗan IT ba ta wanke ka.

Katangar da ta hana magani

Sai dai a faɗi gaskiya, Anti ba don mugunta ta ce in kashe ba. Mutum talatin ne a gabanta. Idan tsaro ya zama shi ke hana aiki kullum, ma'aikata za su nemi hanyar zagaye shi, kuma hanyar da za su samo ta fi rashin tsaron muni. Laifin a nan na wanda ya tsara ne yana zaune a ofis mai sanyi da intanet mai ƙarfi, bai taɓa kwana inda sabis ke ɓacewa da zarar an fara yayyafi ba.

Tsarin da ya dace da irin wurarenmu sananne ne. Saba ta zauna cikin asibiti a kan sola ko inbata, aiki ya ci gaba ko babu intanet, idan sabis ya dawo ta tura bayanai sama. Manhajar DHIS2 ta wayar Android ma haka take, ana cikawa ba layi a tura daga baya. A raba Wi-Fi biyu, na aiki daban, na hira da kallo daban. Kowane ma'aikaci ya sami asusunsa, don a san wa ya buɗe katin wa. Lambar tabbatarwa a koma irin wadda manhajar waya ke samarwa da kanta ba sai da sabis ba. A riƙa kwafe bayanai a wata ma'ajiya da ba a bari a jone. Sannan a ajiye fom na takarda don ranar da komai ya tsaya, tare da sanin wanda zai shigar da su idan an dawo. Ba abin kunya ba ne komawa biro na awa biyu. Shi Inchaji da ya ce a ɗauko littafi, ya fi ni gaskiya a ranar.

Idan an kira ka gobe

Ka fara daga abin da ke kusa. Akwai wuta a rauta? Wayar tana jone? Kwanan wata da lokaci daidai suke? Daga nan ka tambaya, kwamfuta ɗaya ce ta ƙi ko duka? Idan ɗaya ce, matsalar tana wurinta. Idan duka ne, ka dubi rauta ko saba. Ka gwada buɗe wani shafin daban: idan ya buɗe, intanet na nan, hanyar saba ce ta toshe. Ka yi amfani da umarnin ping ka ga ko sabar cikin gida tana amsawa, ka kuma duba ko adireshinta ya canza. Ka karanta saƙon da allo ya nuna da kyau, domin shafin da ya yi ta juyawa har lokaci ya ƙare daban, wanda aka ƙi nan take daban, gargaɗin takardar shaida kuma daban. Ka rubuta saƙon da lokacin da ya fito, ka kira mai kula da manhajar ka karanta masa. Idan za ka ɗauki hoto, ka tabbata babu sunan mara lafiya a ciki.

Abin da ba za ka yi ba shi ne kashe katanga ba da sanin mai alhakinta ba, ko saukar da VPN na kyauta a kwamfutar asibiti, ko buɗe ƙofar 3389 ko 3306 ga duniya don wani ya gyara daga nesa. Duk abin da ka canza kuma ka rubuta shi a littafi, kada ka dogara da ƙwaƙwalwarka kamar yadda na yi.

Kafin in bar asibitin na sayi sabon batiri na sa wa kwamfutar ɗakin kati, na rubuta waɗannan matakan a takarda ɗaya na manna a bango. Wanda za a turo bayana, in Anti ta ce masa ya kashe fayawol, ina fata zai fara duban agogo. 'Yan uwa da za su fita SIWES zangon nan, ku ma ku bar irin wannan takardar a inda kuka je.